Memori, filashi ko tablet: me zan riƙe a mota don kallon fim?

Garba Direba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masana harkar waya. Ni direban tirela ne, Kano zuwa Legas nake yi. Tuƙin bai dame ni ba, zaman jiran lodi ne ke cin rai. Watan jiya kwana shida muka yi a Apapa taya ba ta juya ba, kafin nan kuma mun kwana biyu a Ogere saboda gyara. Abin da ke ɗebe mana kewa ni da yaron motata shi ne kallo. To wayata giga 64 ce, hotuna da saƙonnin WhatsApp sun cinye fiye da rabi, ina zuba fim goma sha wani abu ta fara kukan ta cika. Kallo da data kuwa sai mai gonar kuɗi. Wani abokina ya ce in sayi had-dis, wato akwatin ajiyar fayil na kwamfuta, mai tera ɗaya (giga dubu) in huta, wani ya ce tablet, yaron motata ya ce memori kawai ta isa. Na ware kamar naira dubu 150. Wanne zan kama?

Injiniya Sabi'u: Wa alaikumus salam Oga Garba. Kafin jama'a su fara jero maka sunayen kaya, amsa min uku. Wayar tana da ramin memori? Bakin cajinta Type-C ne ko irin na da? Idan kuma kun kashe mota, a ina kuke caji?

Garba Direba: Infinix ce, tana ɗaukar memori, kuma Type-C ce. Caji a jikin mota muke yi, amma in zama ya yi tsawo ba na son matsa wa batir. Ranar da aka ce a matsa gaba mota ta ƙi tashi, ka shiga uku da na bayanka. Sai mu kai wurin masu cajin kuɗi, can ma layi ne.

Injiniya Sabi'u: Madalla. To fara cire had-dis daga lissafi. A cikinsa faifai ne na gaske ke juyawa, ƙananan nan na aljihu yawanci sau 5400 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu yana shawagi a saman faifan yana karantawa, tsakaninsu ko silin gashi ba zai shiga ba. Abu irin wannan kan tebur yake so. Kai kuma za ka bi da shi ta Mokwa zuwa Jebba. Faɗuwa ɗaya daga kan kujera yana cikin aiki, sai ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan an yi sallama da fim ɗari biyar lokaci guda. Na biyu, wuta yake sha. Waya da yawa ba sa iya tayar da shi ta OTG, wato igiyar da ke jona shi da bakin cajin waya, wadda ta iya kuma batirinta ne zai biya kuɗin. Na uku, yawanci daga kamfani yana zuwa da tsarin NTFS na Windows, ba kowace wayar Android ke karanta shi kai tsaye ba.

Abba Laftof: Injiniya ka cika tsoratar da mutane. Had-dis ɗina shekara huɗu ke nan, na je da shi Abuja, na je Jos, har Kwatano, ko tari bai taɓa yi ba.

Injiniya Sabi'u: A cikin jakar laftof mai soso, a kashe, kana zuwa masauki ka ɗora a tebur ka jona da kwamfuta. Ko ba haka ba, Abba?

Abba Laftof: Haka ne dai. Amma tera ɗaya fa ake magana. Wace memori za ta ba shi wannan a kuɗin da ya faɗa?

Injiniya Sabi'u: Me zai yi da tera ɗaya a Apapa? Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Fim mai tsabta daidai fuskar waya, wato 720p, ka ce mega 700 zuwa giga ɗaya. Memori mai giga 128 za ta ɗauki sama da fim ɗari irin wannan. Ko kullum uku yake kallo, ya fi wata guda bai maimaita ba, kuma duk sati biyu ko uku yana Kano, sai ya goge ya sake zubi. Had-dis ɗin gida ya dace da shi, ya zama rumbu, memori ta zama buhun guzuri.

Maman Husna: Ni dai Malam Garba, tablet zan ce maka. Duk hutu ina ɗaukar yara uku daga Kaduna zuwa Maiduguri wurin kakarsu, wuni guda cur a mota. Da waya nake ba su, kafin Potiskum an yi dambe sau uku, wannan ya ce ba ya gani, waccan ta ce an danne mata hannu, ga kira na shigowa fim ya tsaya a fara kuka. Tun da na sayi tablet mai inci 10 na samu lafiya. Kai ma ku biyu ne, kai da yaronka. Mutum biyu manya su haɗa kai a kan fuskar waya na awa uku, ai wuya ce za ta gaya muku. Sannan wayarka ita ce kasuwarka. Ka ƙarar da cajinta a kallo, mai kaya ya kira ya ji ta a kashe, wa gari ya waya?

Garba Direba: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. An taɓa ba wani lodina saboda an kira sau huɗu wayata a mace. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Baba Ɗanjuma: Yaran zamani kun ji daɗi. Lokacin da nake bin hanyar Onitsha, ƙaramar DVD ɗin nan mai buɗewa kamar littafi muke riƙewa, da jakar faya-fayai kamar mai talla. Batirinta da ƙyar ya kai ƙarshen fim ɗin Indiya guda, daidai wurin da za a yi faɗan ƙarshe take ɗaukewa. Faifai kuma ya karce, sai ka ga jarumi ya daskare baki buɗe, a fito da shi a hura masa iska a goge da gefen riga. Yanzu a ce abu kamar farcen yatsa ya ɗauki fim ɗari. Allah mai iko. Garba ɗana, ko me za ka saya, ka dai riƙa kashewa in an kira salla, kuma kada in ji an ce kana tuƙi kana leƙe.

Garba Direba: In sha Allahu Baba. A tsaye kawai, ko yaron ma ba na bari ya kunna a gaba in muna tafiya, haskensa na ɗaukar ido da dare.

Sadiya Zariya: Tunda an zo maganar memori bari in ba ku nawa labarin, ko wani zai tsira. Da za a tura ni bautar ƙasa wani ƙauye a Taraba, na san ba sabis sai an hau tudu, sai na sayi memori a hannun wani mai tebur a bakin tasha. An rubuta giga 256, da sunan babban kamfani, kwalinta har ƙyalli yake, kuɗin kuma bai kai rabin na shago ba. Na saka a waya ta nuna 256 ɗin kuwa. Na kai wurin mai turi ya cika min ita da fina-finai masu dogon zango, na biya shi, na yi ta murna. Satin farko lafiya lau. Da na zo kashi na ashirin da wani abu sai ya ƙi buɗewa. Na gaba ma haka. Sunayen duk suna nan reras, har da girman kowanne, amma ciki fanko. Ban da na farko-farkon nan babu abin da ya buɗe. Abin da ya fi ƙona min rai, hotunan sansani da na mayar ciki don in rage wa waya nauyi, su ma sun bi ruwa.

Injiniya Sabi'u: Sannu ƙanwata, wannan ita ce cutar da ta fi yawa a harkar. Ƙaramar memori ce, wataƙila giga 8 ko 16, aka yi wa ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikinta ƙarya don ta riƙa shaida wa waya cewa ita 256 ce. Waya ba ta aunawa, abin da aka gaya mata take nunawa. Kina ta zubawa tana karɓa, amma da an wuce ainihin cikinta, sauran ko dai ya tafi iska ko ya hau kan na baya ya lalata shi. Shi ya sa ba a ganewa ranar saye.

Gwajinta ɗaya ne: a cika ta maƙil, sannan a karanto abin da aka zuba. A kwamfuta akwai wata 'yar manhaja kyauta, H2testw, aikinta ke nan, ta rubuta har ƙarshe ta dawo ta duba. Takan ɗauki awanni, amma gara awa uku a shago da wata uku a daji. In babu kwamfuta, a cika ta da fina-finai, a cire ta a mayar, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowanne a ja shi har kusa da ƙarewa. Oga Garba, ka saya a shago mai ƙofa wanda gobe za ka dawo ka same shi, ka kuma yi sharaɗi da shi a kan gwajin tun kafin ka miƙa kuɗi.

Abba Laftof: To ni tawa an rubuta 128 amma 119 take nunawa. Ke nan ni ma an yanke ni?

Injiniya Sabi'u: A'a, taka lafiyarta ƙalau. Bambancin mudu ne. Kamfani na ƙirga giga da dubu-dubu, kwamfuta na ƙirgawa da 1024. Shi ya sa 128 ke fitowa 119, 64 ta fito 59 da 'yan kai, tera ɗaya kuma 931. Wadda ma za ka yi wa kallon tsaf ita ce mai arhar banza. In ka ga giga 512 a kuɗin giga 32, ba sa'a ka taka ba.

Issoufou Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni na yi wata bakwai wajen haƙar zinariya a Jado, can arewa cikin sahara. Can babu kuran, wato wutar lantarki, sai faranti na rana da injin. Abin da na gani da idona, zafi da rairayi su ne ke kashe kaya, ba rashin wuri ba. Wanda ya zo da laftof, wata biyu fankarta ta cika da ƙasa. Wanda ya bar salula ko fawa bank cikin rana tana caji, sai batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Mu abin da ya yi mana amfani shi ne kart memwar, memori a faɗarku, biyu ko uku ƙanana maimakon babba guda, kowa ya ƙulle nasa cikin leda ya sa a kwalbar magani. In ɗaya ta mutu ba ka rasa duka ba, kuma ana musanya, ka ba ni taka in ba ka tawa. Malam Garba, kada ka bar komai bisa gaban mota wajen gilashi da rana, wurin nan tanda ne.

Garba Direba: Na gode mutumin Damagaram. Wannan ta kwalbar magani ta shige ni, don memori in ta faɗi a cikin kan tirela sai dai a yi mata addu'a.

Abba Laftof: To ai filashi mai baki biyu ta fi, Type-C a gefe ɗaya, USB a ɗaya gefen. Ba ta ɓata da sauƙi, tana shiga waya, tana shiga talabijin ɗin masauki, tana shiga kwamfutar mai turi ba sai an nemi abin karanta memori ba.

Maman Husna: Ina da ita Abba, amma ga aibinta: ramin caji take toshewa. Kana kallo caji ya yi ƙasa, sai dai ka zaɓa, ko fim ko caji. Kuma tana leƙowa waje, autana ya taɓa bangaje ta saura kaɗan bakin tablet ɗin ya tafi. Yanzu abin da nake yi, in kwafe na ranar daga filashi zuwa cikin tablet, in zare ta in mayar jaka.

Injiniya Sabi'u: Hajiya ta gama magana. Filashin ta fi amfani ga wanda wayarsa ba ta da ramin memori, kamar masu iPhone, da manyan Samsung tun daga S21 da ta fito a 2021. Shi Oga Garba yana da rami, tablet ɗin da zai saya ma ya tabbatar tana da shi.

Abu biyu kuma da ke sa mutane su zagi memori alhali ba laifinta. In ka saka sabuwa, wasu wayoyin za su tambaye ka: a mayar da ita cikin waya, ko a bar ta ta ajiya mai cirewa? Ka zaɓi mai cirewa. In ka zaɓi na farko, wayar za ta kulle ta da makullin da ita kaɗai ta sani, ba za ta buɗu a tablet ko kwamfutar mai turi ba, ranar da wayar ta mutu kuma kayan ciki sun mutu tare da ita. Na biyu, memori mai giga 32 zuwa ƙasa tana zuwa da tsarin FAT32, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Daga 64 zuwa sama exFAT ne, babu wannan iyakar. Maganar gudu kuwa kada a ruɗe ka da lambobin jikin kwali. Mai alamar 10 a cikin da'ira ko U1 ta ishi kallo. U3 da V30 na masu ɗaukar bidiyo ne, sai dai sukan rage maka zaman jira wurin turi.

Sadiya Zariya: Injiniya, me ke sa wani fim ya fito da hoto ba murya, wani kuma ya riƙa tsalle-tsalle?

Injiniya Sabi'u: Na rashin murya yawanci manhajar kallon ce ba ta san irin sautin ba, kamar AC3 ko DTS. Saka VLC, kyauta ce, ba talla, kusan komai tana buɗewa, kuma ki sauke ta tun kina inda akwai sabis. Mai tsalle kuma sau da yawa x265 ne. Wannan tsarin yana matse fim ya ƙanƙance sosai ba tare da hoton ya lalace ba, amma tsofaffin wayoyi da tablet masu arha suna shan wuya da shi, su yi zafi, su zuƙe batir. Oga Garba, ranar sayen tablet ka tafi da fim ɗaya irin wannan a filashi, a kunna a gabanka.

Nura Edita: Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Ni a masana'antar fim nake cin abinci, tace hoto nake yi a Kano. Tun ɗazu ake cewa mai turi, mai turi, ba wanda ya tambayi ko mai fim ɗin ya san an tura. Kasuwar faifai ta mutu a kan idonmu, shagunan da ke sayen fim a hannun furodusa suka koma sayar da caja. Yanzu yawancin masu dogon zangon nan YouTube ake sakawa, kallon da kuka yi a can shi ne kuɗin da ake biyan mai haske da mai sauti da ni. In mutum ɗaya ya sauke ya raba wa dubu, kallo ɗaya aka ƙirga mana.

Abba Laftof: Malam Nura gaskiyarka, amma mutumin da ke kwana shida a layin Apapa, ko wadda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ya za su yi? Su sayi data ta dubu nawa?

Nura Edita: Ban ce kowa ya zauna ba kallo ba. Cikin manhajar YouTube ɗin kanta akwai wurin saukewa a ajiye, ga bidiyon da aka ba da dama, haka Netflix da manhajojinmu na Hausa. In ya samu Wi-Fi ko garaɓasar datar dare sai ya tara. Ko rabi ya yi ta nan, rabi wurin mai turi, mun rage asara.

Maman Husna: Ina yin haka Malam Nura, amma a faɗa wa Malam Garba gaskiya, irin wannan saukewar aro ce ba mallaka ba. Na taɓa tara wa yara katun a wata manhaja tun saura sati uku tafiya, muna wuce Bauchi na buɗe ta ce wa'adi ya ƙare sai an haɗa da intanet. Ranar na ga tashin hankali.

Injiniya Sabi'u: Haka tsarin yake. Na YouTube yana son ya ga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kusan kwana 30, na Netflix kuma kowane fim da wa'adinsa, wasu awa 48 bayan ka fara kallo. Kuma a kulle suke, ba a tura su ta Xender, ba a cire memori a kai wata waya. Dabarar ita ce daren tafiya a kunna data a sabunta su. Ga Oga Garba wannan ba matsala ba ce, Legas da sabis.

Garba Direba: Malam Nura na ji, kuma zan gwada, don wallahi ina jin daɗin aikinku. Yanzu saura maganar wuta, ita ce babbar damuwata.

Injiniya Sabi'u: Ita ce ma ya kamata a fara da ita, don memori cike da fim ba caji kwalliya ce kawai. Nemi fawa bank mai 20,000mAh na kamfanin da aka sani. Amma kada ka raba 20,000 da 5,000 na wayarka ka ce sau huɗu. Wajen juya wutar daga batirinsa zuwa na waya ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka ka sa ran sau biyu da rabi zuwa uku, tablet kuma wajen sau biyu. Ka ɗaga shi a hannu, na gaske da nauyi. In ka ga ɗan ƙarami sakayau an rubuta 50,000, ajiye musu kayansu.

Sai abin da ya shafe ka kai kaɗai a nan: yawancin manyan motoci wutarsu bolt 24 ce, ba 12 irin ta ƙananan motoci ba. Cajar mota da za ka saya ka karanta jikinta, a ga an rubuta 12 zuwa 24. Ka riƙa cika fawa bank ɗin lokacin da inji ke aiki, in an tsaya sai ka bar batirin mota ya huta. A tablet kuma rage haske, kashe Wi-Fi da Bluetooth in ba amfani kake da su ba, hasken fuska shi ne babban mai shan caji.

Hajiya Turai: Ƙarin bayani ga masu hawa jirgi, tunda na ga ana maganar fawa bank. Ba a saka shi a jakar da za a auna ta shiga ƙasan jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh, mai 20,000 ɗin nan 74 ne, yana wucewa. Da za mu Umara sai da aka kira wata a rukuninmu ta buɗe akwati a gaban jama'a saboda shi.

Abba Laftof: Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana na babban rumbu, in kuɗi sun samu a sayi SSD na aljihu, wato magajin had-dis. Ba faifai a ciki, ba ya tsoron gargada.

Injiniya Sabi'u: A nan ba mu da faɗa, Abba. Sai dai in ya saye shi, kuɗin tablet ɗin sun tafi, su koma haɗa kai a kan waya shi da yaronsa.

Garba Direba: Jama'a na dawo da rahoto, yau sati uku. Na samu tablet ta hannu mai inci 10, mai ramin memori, na kunna fim ɗin gwaji a shagon bai yi tsalle ba. Na sayi memori biyu masu giga 64 kamar yadda mutumin Damagaram ya ce, mai shagon ya ɗan ɓata rai da na ce sai an gwada, amma ya jona a kwamfutarsa na je na ci abinci na yi la'asar na dawo, duka biyun suka fito lafiya. Fawa bank da cajar 12 zuwa 24 su suka cinye ragowar, har na ciko dubu tara daga aljihu. Wannan zuwan kwana huɗu muka yi a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, ban kai waya wurin masu caji ko sau ɗaya ba. Matsala ɗaya, direbobin da ke layi sun gano, da magariba ta wuce sai ka ga mutum takwas a gindin motata, wani har da benci. Lasifikar tablet ɗin ba ta kai musu. Injiniya, wace ƙaramar sifika zan nema wadda murya ba za ta riƙa zuwa bayan baki ya rufe ba?

Injiniya Sabi'u: Duba gefen tablet ɗin tukuna, tana da ramin iyafis? In tana da shi, nemi sifika mai shigar igiya, ka huta da jinkirin Bluetooth. Turo min hoton gefenta in gani.